Gwangwanayen Sodangi

Sodangi maƙerin gwangwani ne a kasuwar Bodinga. Rumfarsa na manne da shagona na ɗinki, don haka na san shi fiye da yadda kunnuwana suke so. Mutum ne mai ƙarancin magana da yawan ƙwanƙwasa. Ka miƙa masa gwangwanin madara, kafin ka gama gaisawa da mutane ya mayar da shi fitilar aci-bal-bal. Da wannan sana'a yake ciyar da matarsa Shatu da 'ya'yansu.

Da aka shiga tsuke bakin aljihu a ƙarshen mulkin farar hula, madara ta ɓace daga kantuna. Mu muna kukan shayi, shi yana kukan gwangwani. Ya tone juji har ya gaji, rumbunsa kuwa sai ƙasa yake yi. Wani direba ya ce masa ya ga gwangwanaye jingim a wata kwaleji a Sakkwato. Sodangi ya ari buhuna ya hau mota.

A can aka nuna masa wani babban ɗaki. Ashe malamin zane ne, Malam Tukur, ya rataye gwangwanayen daga rufi da zare, wasu sama wasu ƙasa, ya bar tagogi a buɗe. Iska na shigowa suna juyawa, suna taɓa juna a hankali, haske na yawo a bango. Sodangi ya tsaya cak da buhuna a hammata, har aka kira la'asar.

Ya ce, "Malam, wanga abu mi aka yi da shi?"

Malam Tukur ya yi murmushi ya ce, "Kallo aka yi, Baba. Ga shi kana yi."

Da aka gama nuna wa jama'a aikin, malamin ya tausaya masa, ya sa aka kai masa gwangwanayen duka Bodinga. Na ce to, aiki ya samu, kunnuwana sun shiga uku. Amma shiru. Sodangi bai taɓa almakashi ba. Zare ya zo ya roƙa a wurina, ya rataye su a zaurensa, yana ɗagawa yana saukewa har suka yi masa yadda ya gani.

Na je don in yi dariya, na ɓuge da zama. Mutumin da ya tsufa yana yanka gwangwani, sai yanzu ya ji kukansa. Ya burge ni, ya kuma ba ni tsoro, don na san halin da gidan ke ciki. Unguwa ta fara raɗa cewa iska ta taɓa shi.

Shatu ta yi haƙuri, ta sayar da akuyarta, aka ci ta ƙare. Wata rana ina zauren ta tsaya daga bayan ƙofa.

Ta ce wa mijinta, "Malam, ɗiya ba su cin ƙara. Hatsi ya ƙare, kai ko kana zamne kana saurare."

Washegari Sodangi ya tsinke zarurrukan da hannunsa. Ya yanke gwangwanayen, ya liƙa da dalma, ya sa lagwani, ko gaisuwa ba ya amsawa. Ban taɓa ganin fitilu masu kyau irin waɗannan ba, kuma ban taɓa ganinsa cikin baƙin ciki haka ba.

Ranar kasuwar garin Shagari ya kwashe su ya tafi, na bi shi da 'yan rigunana. Mutane na ɗauka suna yabawa suna ajiyewa. A makonnin da ya yi a zaure, kananzir ma ya bi madara ya ɓace. Wata tsohuwa ta ce masa, "Fitila ba kananzir, mi za ta yi muna?"

Da yamma muka dawo da buhunan yadda muka tafi da su. Ya sauke su a zaure ya zauna a kai. Shatu ta kawo ruwa, ta dubi buhunan, ta koma ciki. Ya daɗe riƙe da kwanon bai sha ba.

Ya ce, "Da na san haka za a yi, da na bar su, mu ji yunwarmu muna kallo."