Merv bai bar motarsa ba

Shekara talatin da ɗaya Merv Treloar ya yi yana zagaya rijiyoyin burtsatse na makiyayan shanu a arewacin garin Tarrawin, yana duba injin ruwa da kwamin da dabbobi ke sha. A duk shekarun nan ba wanda ya taɓa jin ya kira ƙasar hamada. Baƙi masu yawon buɗe ido ne ke kiranta haka, su da taswirarsu. In suka faɗa a gabansa sai ya gyara hula ya ce hamada ai wurin da babu komai ne, nan kuwa ga ƙuda, ga ƙadangaru, ga shi kansa.

Abu biyu yake koya wa duk wanda ya tsaya kusa da shi. Na farko, kafin ka fita daji ka rubuta sunanka da inda za ka da lokacin dawowarka a allon da ke gidan man fetur na Col. Na biyu, in mota ta mutu maka, kada ka bar ta. Mota ana hango ta daga jirgin sama, mutum ba a hango shi. Ya faɗa wa direbobin tirela, ya faɗa wa sababbin malaman makaranta, har likitan da ke zuwa da jirgi bai tsira ba. Ana kwaikwayon muryarsa a bayan idonsa, amma ba mai katse shi. Kowa ya san shekara ashirin da biyu da suka wuce an sami motar ɗansa Darren a hanyar rijiya ta tara, da ruwa lita goma a bayanta. Shi Darren sai bayan kwana biyu aka sami gawarsa, kilomita goma sha huɗu daga wurin. Merv bai taɓa haɗa zancen biyu ba.

Wata Talata a watan Janairu, tsakiyar bazarar ƙasar, zafi ya kai digiri arba'in da uku, Merv ya fita duba wa wani maƙwabci injin ruwa. Ya rubuta a allo zai dawo ƙarfe huɗu. Aikin bai ci lokaci ba, goma da rabi yana hanyar gida sai motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Batir ne, don haka rediyon kira ma ya mutu.

Ya fito ya duba. Ga tankin ruwan gari can, ga kwanon gidansa yana walƙiya. Kilomita biyu da rabi, tafiyar rabin sa'a ko ga mai shekara saba'in da ɗaya. Ba kuma wanda zai fito nemansa sai huɗu ta wuce, domin shi ya kafa dokar. In ya taka, duk abin da ya yi shekaru yana faɗa ya zama surutun tsoho. In ya zauna, garin ya sami abin dariya har ƙarshen ransa.

Ya ɗaura tampol a jikin motar, ya fito da jarkar ruwa, ya zauna a inuwa yana kora ƙuda.

Wajen ƙarfe ɗaya ƙura ta taso daga gari. Col ne a motarsa, da Dulcie matar Merv a gefensa, da wasu mutum uku a baya waɗanda babu abin da ya kawo su sai kallo.

"Dattijo, ka ɓata ne?" in ji Col. "Ka ga gari can, inda gidaje suke."

"Na ga gari."

"Tun sha ɗaya nake kallonka da tabarau mai jawo nesa. Na ce mu bar shi zuwa huɗu, kada mu karya masa doka. Matarka ce ta ji, ta kusa cire mini kunne."

"Da jirgi za mu kira," wani ya ce daga bayan motar, "amma mun ji tsoron ya sauka a kan gidanka."

"Ku yi ta yi," Merv ya ce. "Kun same ni ko ba ku same ni ba?"

Dulcie ba ta shiga dariyar ba. Ta sauko da burodi da naman gwangwani a ƙunshe, ta miƙa masa, sannan ta zagaya motar a hankali kanta a ƙasa. Ja ne yashin wurin, ba ya ɓoye sawu. Sawun takalmin Merv ya je gaban mota, ya dawo ƙofa, ya je baya wajen jarka, ya ƙare a inuwar tampol. Babu ko ɗaya da ya kama hanya.

Merv ya san abin da take dubawa. Ya taɓa ganin ta duba ƙasa haka sau ɗaya, a wajen motar Darren.

"Tsoho," ta ce, "abincinka ya bushe."

Ta zauna kusa da shi a inuwar, ta karɓi hularsa tana kora musu ƙuda, Col kuwa ya buɗe gaban motar yana nemo wayar batir.