Baƙon da Ya Ƙi Geron Malam Gidaɗo

Shekara ashirin da shida ke nan da Malam Gidaɗo ya zo Alƙahira karatun fiƙihu. Karatu ya ƙare, shi bai koma ba. Ya kafa keken ɗinki a unguwar Hay el-Sabi', ya cika saman bene da tattabaru. A wajensa duk mai fiffike gero yake ci, wanda ya ƙi kuwa tarbiyya ce bai samu ba.

Wata safiya cikin sanyi ya tarar da wani ɗan farin tsuntsu kwance bakin akurki, baki ja, ƙafa irin ta agwagwa, duk ya galabaita. Ya zuba masa gero, tsuntsu ya kau da kai. Ya kawo dawa, ya kawo alkama. Kwana biyu ko ƙwaya bai taɓa ba, ƙirji sai ƙashi.

"Ummukulthum, zo ki ga raini," ya ce wa matarsa. "Geron da na ɗauko a ka tun daga kasuwar Ataba. Jakada ma ya ci tuwon gidan nan bai yatsina fuska ba."

"To kai ƙararsa mana, Malam."

Ya ɗauko almakashi zai rage masa fiffike, yadda ake yi wa sabuwar tattabara har ta saba da gida. Sai ga Rania, maƙwabciyarsu mai koyar da kimiyya, ta hawo bene shanya.

"Haram, ya Ammu," ta ce, wato Baffa. "Nauras ne, tsuntsun teku. Can arewacin Turai ake ƙyanƙyashe shi. In ruwa ya daskare ya gudo nan, in sanyi ya wuce ya koma. Kifi da ƙwari yake ci. Ka taɓa fiffiken nan, ka kashe shi."

"Ƙasa nawa ya ƙetare ba fasfo? Ni tun gemuna yana baƙi nake layin iƙama, neman takardar zama."

"Ma'alish, sai haƙuri."

"Kuma ya sauka gidan mutane yana zaɓen abinci."

Yana faɗa yana sa takalmi. Ya dawo da ƙananan kifaye a leda. Tsuntsu ya haɗiye bakwai, na takwas ya haɗa da yatsan mai gida.

Bayan kwana huɗu, da ya ga ya murmure, ya sa shi a kwali ya shiga jirgin metro zuwa Wustul Balad, tsakiyar birni, ya taka har bakin Nilu ya buɗe. Tsuntsu ya tashi ya shige cikin ɗaruruwan 'yan'uwansa.

"Ya tafi?" in ji Ummukulthum da ya dawo.

"Ko waiwaye. Awa guda ina tsaye ina neman nawa, duk kamarsu ɗaya, marasa kunya."