Tafin Hannun Usta Abdulgawad

Shekara talatin da takwas Usta Abdulgawad yana ƙwanƙwasa bangon mutane a birnin Iskandariyya, inda ake kiran gwanin sana'a Usta. Daga saman bene ake zuro shi da igiya, yana zaune a kan guntun katako, da ƴar gudumarsa a hannu. Aikinsa ke nan, ya bi fuskar otal-otal da benayen shaguna yana bugawa yana saurare. Inda shafen siminti ya kama bango da kyau, amsar takan fito a dunƙule. Inda gishirin teku ya ci rodi har shafen ya rabu, sai ƙarar ta fito kamar an buga tulun da ba ruwa. Nan zai zagaye da jan alli, magina su zo su ɓamɓare tun bai faɗo a kan wani ba.

Kuma wallahi yana son aikin nan. Ya ci wakensa da gurasa da safe, ya hau sama, iskar teku na kaɗa shi, ma'aikatan ofisoshi na miƙo masa shayi ta taga. Me kuma mutum zai nema?

Matarsa Ihsan ce ta fara lura da kunnen.

"Sau uku ina kiranka, Abdu!"

"Na ji ki sarai. Zaɓar wanda zan amsa nake yi."

"To ka zaɓi cin abinci, ya huce."

Dariya ya yi, amma ko kira ɗaya bai ji ba. Ya ɓoye abin kusan shekara, har ranar da aka ba su wani tsohon bene mai hawa shida da ke fuskantar teku. A ƙasansa akwai shagon Girgis mai matse ruwan rake, inda mutane ke yin layi daidai ƙarƙashin baranda.

Usta ya bi barandar nan kaf, ya buga ya buga. Ko'ina amsa iri ɗaya, can nesa. Ya sauko allinsa ko gutsurewa bai yi ba.

Injiniya Nermin, wadda ta shekara takwas tana aiki da shi, ta ɗaga gira. "Ko ɗaya, Usta? Ginin da ya girmi kakata?" Ta miƙo masa takardar da zai sa hannu.

Ya riƙe biro. In ya sa hannu, shi ke nan, ba mai sake duba barandar sai bayan shekara biyar. In ya faɗi gaskiya, an karɓe igiyar ke nan, ya koma zaman gidan shayi da tsofaffi. Ya dubi layin Girgis. Wata mata ce a gaba, da jariri a kafaɗa, tana shan ruwan rakenta hankali kwance.

"Ƴata, karɓi bironki," in ji shi. "Ba bangon ne ke da lafiya ba. Kunnena ne ya tafi."

Kunya ta kama shi har ya kasa ɗaga kai. Nermin ta matso kusa da kunnensa.

"Shekara takwas ina kallonka daga ƙasa har wuyana ya ƙage. Duk lokacin da ka buga guduma, hannunka na hagu yana kan bango. Koma sama. Ka manta da kunnen."

"Haba Injiniya, hannu yana ji ne?"

"Kai za ka faɗa mini."

Aka sake zuro shi. Ya shimfiɗa tafinsa a kan shafen, ya rufe ido, ya buga. Shiru. Ya matsa, ya buga. Shiru. A kusurwar barandar, daidai saman kan Girgis, sai bangon ya yi rawa a ƙarƙashin tafinsa kamar fatar ganga. Ashe hannun nan ya daɗe yana ji, kunne ne kawai ke karɓe yabon! Ya zagaye wurin da alli, ya sami wasu guda huɗu.

Aka janye layin. Wani magini ya sa ƙarfe ya ɗan taɓa wurin, sai ga falle guda ya ɓallo, faɗinsa ya kai tiren shayi, ya tarwatse a bakin shagon. Girgis ya daɗe yana kallon ɓaraguzan, sannan ya ciko jug da ruwan rake ya kawo da kansa.

"Sha, Usta. Kai da biyan ruwan rake a nan har abada."

Da la'asar ya koma gida, ya zaunar da Ihsan ya gaya mata komai, har da ƙaryar zaɓen nan.

"Sannu da labari," ta ce. "Maƙwabta ma sun sani, ai ni ke yin ihun."

Sai ta kamo hannunsa na hagu, mai kaushin nan, ta ɗora a bayanta tsakanin kafaɗu, ta kira sunansa a hankali, yadda ta saba kiransa suna amare. Bai ji da kunne ba. Ya ji a tafinsa.

"To, Usta, me ka samu?"

Idonsa ya kawo ruwa. "Lafiya lau," ya ce. "Ba inda ya rabu."