Ɗankwalin Inna a Kan Idona

Shekarar da zan rubuta jarrabawar gama sakandare idanuna suka yi mini tawaye, kuma ba zan ga laifinsu ba. Da rana ba ni da lokacin kaina. In na dawo daga makaranta ga surfe, ga ɗiban ruwa, ga kai wa su Baba abinci gona, don lokacin sharar gona ne, kowa na jiran ruwan shuka. Karatu sai bayan isha'i, da wata 'yar fitilar batir mai farin haske da ke dusashewa tun ban ƙoshi ba. In barci ya taso sai in tsoma ƙafafuna a kwanon ruwan sanyi, in gutsuri goron da na ɗauko a gefen tabarmar Baba. Shi kuwa Baba ya riga ya yanke magana: in na ci, zan tafi kwalejin horar da malamai a Bici, in ban ci ba, babu zama na biyu. Ni kuma Bici nake so, har mafarkinta nake yi alhali ban taɓa taka garin ba.

Da farko ƙaiƙayi ne kawai. Daga baya na riƙa ji kamar an watsa mini yashi, ruwa na zuba ba kuka nake ba, haruffa suna rabewa biyu a kan takarda. Da safe sai na jiƙa kwantsa kafin idon ya buɗu, in na fito rana kuma goshina ya ɗauki sara. Na yi ta ɓoyewa, ina sunkuyar da kai ina jan mayafi, na manta wadda ta haife ni.

Wata safiya ina shara Inna ta ce, "Zo nan." Ta riƙe haɓata, ta sa babban yatsa ta ja fatar idona ƙasa. Hannunta na ƙamshin hayaƙi da daddawa.

"Wannan ido ne ko garwashi?"

"Inna, ƙura ce."

"Ƙurar ta san ke kaɗai a gidan nan?"

Ta shiga ɗakina ta ɗauko fitilar, ta jefa cikin kwallarta ta rufe. Na yi kuka har da shessheƙa, idon ya ƙara kumbura. Na kai ƙara wurin Baba a zaure, inda yake sauraron tilawar ɗalibansa, ya ce maganar ido ta uwata ce, shi ba ya shiga. Ranar na ji haushin kowa, har akuyar gidanmu sai da ta sha tsawa. A ganina an rufe mini hanyar Bici ke nan, ga jarrabawa ta ƙarato.

Bayan la'asar Inna ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta ajiye kwandon gyaɗar iri, ta kira ni. Ta cire ɗankwalinta, wani shuɗi da ya sha wanki har ya yi laushi, ta tsoma a ruwan randa ta matse, ta ɗaure mini ido da shi. Sanyin ya ratsa ni har ƙeya.

"Ɓarar gyaɗa ba ta son ido," in ji ta. "Hannu na aiki, baki na aiki. Kawo mini haddarki."

"Wace hadda, Inna? Turanci ne fa."

"Ɗaliban babanki da ido suke tilawa? Abin da ya shiga kai, ido ya gama nasa. Larabcin da nake ji kullum daga zaure ba fassara shi nake ba, amma in mutum ya yi tuntuɓe ina sani. Bismillah."

Na fara a dole, ina zumɓura baki. Na kawo yadda ganye ke haɗa abincinsa da hasken rana, na kawo sassan fure, ina ɓare gyaɗa ina zubawa a ƙwarya. Da na zo inda na manta sai na yi wayo, na cika wurin da wani Turancin banza da sauri, ina cewa a raina wa zai gane.

"Koma," in ji Inna.

"Daidai ne fa!"

"Muryarki ta sauya. Koma."

Dariya ta ƙwace mini a cikin ɗankwalin. Haka muka yi ta yi kowace yamma. Duk inda na yi tuntuɓe, shi kaɗai aka yarda in duba a littafi washegari da hantsi, a inuwa. Da dare kuwa barci, ko ina so ko ba na so, don tabarmata ta mayar kusa da gadonta. Kafin a gama shuka gyaɗar nan jan idon ya washe, na shiga ɗakin jarrabawa ina ganin kowane harafi shi kaɗai.

Na ci, na tafi Bici. Yanzu ni ma malama ce a cikin birni, ga tabarau a fuskata, ga wutar sola a ɗakina wadda ba mai ƙwace mini. Inna ta rasu ina shekarata ta farko da fara koyarwa, Allah ya jiƙanta. Ɗankwalin ban san wa ya ɗauka ba da aka raba kayanta, kuma har yau ina jin ciwon rashin tambaya.

Idon bai daina yi mini tsiya ba, musamman lokacin duba takardun ɗalibai. Likita ya ba ni maganin ɗigawa, yana kuma aiki, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ba shi nake nema ba. Kewar Inna nake yi, kewar yatsan nan mai kaushi da ke jan fatar idona ba tare da neman izini ba. Wani lokaci nakan cire tabarau, in jiƙa ɗankwalina in ɗaure ido, in fara kawo sassan fure da ƙarfi, ni kaɗai a ɗaki. In na kai tsakiya sai in yi tuntuɓe da gangan, in yi shiru ina jira a ce mini in koma.