Keken Yayata a Gindin Gwanjo

Shekarar da aka rufe iyaka, damina ma ta ƙi, sai Illela ta koma garin masu sayarwa babu masu saye. Wanda jiya yake tsallakawa Ƙwanni da buhunan kaya, yau agogon hannunsa yake kwancewa. Cikin wannan hali yayata, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara, ta kira ni ta nuna mini kekenta na ɗinki. Da shi take riƙe gidan, amma gero ya ƙare, mata kuma sun daina kawo ɗinki.

"Auta, kai shi gwanjo ran Lahadi," in ji ta. "In Allah ya kawo sauƙi mu sai wani."

Mai gwanjon kasuwarmu wani dattijo ne mai zaƙin baki, yana shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro da 'yar ƙararrawa a hannu. Ƙa'idar kowa ya san ta: a yi ta tayi, in ya kaɗa ƙararrawa ciniki ya faɗa, mai kaya ya karɓi kuɗinsa kafin la'asar, shi kuma ya cire la'ada, sule a kowace naira. Iyakar sanina ke nan, kuma da shi na je ina taƙama.

Da ya ɗaga keken, ko mutane ba su gama taruwa ba. Wani ya taya, wani dogo mai kwalli ya ɗan ƙara, sai na ji ƙararrawa. Kafin in buɗe baki an yi da shi. Sannan dattijon ya zaunar da ni ya shiga yanka: la'ada, kuɗin kira, kuɗin tabarma, har da ladan ɗan dakon da ya matsar da keken daga rana zuwa inuwa.

"Baba, kuɗɗin tabarma kuma na mi na?" na tambaya.

"Bisa iska kekenka yaz zamna?" in ji shi. "Kuma ka sani, ko ba a saye ba sai ka biya na kira. Muryata ba sadaka ta ba."

Abin da na kai wa yaya ko rabin darajar keken bai kai ba. Ta duba, ta ce Allah ya sa albarka, ta ƙulle a bakin zane. Da ta zage ni da na ji sanyi. Bayan 'yan kwanaki na ga keken a wani shago, dogon nan mai kwalli yana shafa masa mai. Na tambaya, aka ce ai surukin mai gwanjo ne. Na ƙi dattijon nan ƙi na gaske, kuma na rantse sai na rama.

Sai na koma ɗan kallo. Duk Lahadi ina can bayan taro da rake a hannu kamar wanda ba shi da aikin yi. A nan na gane surukin nan nasa ɗan kore ne, kuma aikinsa iri biyu. In kasuwa ta yi sanyi, ya taya da arha a kaɗa masa da sauri. In ta yi zafi, ya riƙa ƙara tayi yana zuga masu saye don la'ada ta yi ƙiba, ya zame kafin a kaɗa. A irin wannan ranar ko sisi ba ya zuwa da shi.

Na aro rediyo mai kaset biyu wurin wani abokina direba. Na aika wa 'ya'yan kawuna biyu na Ƙwanni, waɗanda ba a san fuskarsu a nan ba, suka biyo ta daji cikin manyan riguna. Na gaya musu su yi kamar ba su san juna ba, su yi ta tayi har sai na cire hula. Na san abin da na taka. In ɗan koren ya riga su zamewa, la'adar da za ta hau kaina ko rigata na sayar ba zan biya ba.

Wata Lahadi da kasuwa ta yi zafi, dattijon ya gan ni da rediyo ya washe baki. "Ɗana, ka dawo? Haka aka so."

'Yan'uwana suka yi abin da ya fi wanda na roƙa. Ɗaya yana lissafi da sefa, kuɗin Nijar, da ƙarfi, ɗaya yana harararsa yana ƙarawa. Taro ya cika. Mai kwalli ya shigo, ya ƙara, suka ƙara, ya sake ƙarawa, har kuɗin ya ninka na sabuwar rediyo. Gumi yana bin bayana. Da ya sake jefa tayi, na cire hula na share goshi.

Ɗaya daga 'yan'uwana ya ce, "Na bar mai." Ɗayan ya karkaɗe riga ya tafi. Dattijon ya yi kira, ya yi kirari, ya roƙi jama'a da ido, babu wanda ya tanka. Mutane suka fara cewa, "Kaɗa mana, Baba!" Ya kaɗa. Ban taɓa jin ƙara mai daɗin wannan ba.

La'asar ta yi babu kuɗi, muka je gaban sarkin kasuwa da rabin kasuwar a bayanmu. Mai kwalli ya zazzage aljihu, goro ne kawai ya faɗo. Da aka matsa masa ya nuna surukinsa mai gwanjo ya ce, "Shi yac ce in taya." Sarkin kasuwa ya ce ciniki ya faɗa, mai kaya kaɗai ke iya warware shi.

"Na warware," na ce, "in an ba ni rediyota da keken yayata."

"To kuɗɗin da ka amsa na keken hwa?" in ji dattijon.

"Su zamna na kira, Baba. Tun hantsi nike tsaye."

A kaina na ɗauko keken, kuma da gangan na bi ta tsakiyar kasuwa. Yaya ta daɗe tana shafa shi. Da na ba ta labari ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce, "To ya isa, Auta. Ka yahe mishi." Na ce mata to.

Ban yafe ba. Daga ranar mutane suka ɗauke kayansu daga gindin dogon yaron, ya koma zama shi kaɗai yana korar ƙuda. Ni kuwa duk Lahadi sai na ratsa, in durƙusa da ladabi in ce, "Baba, ya kasuwa?" Kuma ba na tashi sai ya amsa.