Na Cika Ajina Da Burin Ɗalibata

Ni malamin koyar da aikin gona ne a wata sakandare ta gwamnati da ke Kuje, a shekarun da gwamnati ke kwaso kayanta daga Legas zuwa Abuja. Matashi ne ni a lokacin, ga son a yabe ni, ga saurin jin haushi. Makarantarmu ta cika da 'ya'yan ma'aikatan da aka dawo da su, yaran da ko fartanya ba su taɓa riƙewa ba, suna ganina sai su toshe hanci wai warin taki nake yi. Da aka zo zaɓen darussan babban aji, duk suka watse suka bar ni. Shugaban makaranta ya kira ni ya ce idan ajin bai samu ɗalibai ba, za a rufe shi a tura ni wani ƙauye can bayan Gwagwalada.

Akwai wata yarinya 'yar manomin doya daga wani ƙauye kusa da mu, ita ce ta fi kowa ƙoƙari a darasina. Burinta ɗaya ne, ta zama likita, domin mahaifiyarta wajen haihuwa ta rasu a hanyar asibiti. Fizik ne kawai yake ba ta wahala, tana dai ci amma da ƙyar. Na san idan ta zauna a ajina ƙawayenta za su biyo ta. Sai na kira ta na ce mata ta ajiye Fizik ta ɗauki aikin gona, wai jami'a sakamako mai ƙyalli take dubawa, maki mafi girma a darasina ya fi na tsaka-tsaki a wancan. Ta tambaye ni ko hakan ba zai hana ta karatun likita ba, na ce ko kaɗan. Wallahi ban sani ba, kuma ban tambayi kowa ba, don ina tsoron amsar da zan ji. Har gona na bi mahaifinta, dattijon ya saurare ni, sannan cikin Hausarsa ta 'yan koyo ya ce shi bai yi boko ba, duk abin da malam ya gani shi ne daidai.

Ajina ya cika, ba a tura ni ko'ina ba. Sakamako ya fito ta yi abin a zo a gani, ta kuma ci jarabawar shiga jami'a. Mahaifinta ya ɗauro doya a keke har ƙofar gidana, ni kuwa ina ta yawo a ɗakin malamai ina cika baki. Da ta je tantancewa aka mayar da ita, aka ce babu mai shiga sashen likitanci ba tare da kiredit a Fizik ba, ko da mafi ƙanƙanta ne. Wato makin da na raina mata, shi ne zai shigar da ita. Sake jarabawar na bukatar ta koyi darasin da ta bari tun farkon babban aji, ga ƙanne a bayanta suna jiran nasu karatun. Ta gwada sau ɗaya ba malami ba ɗakin gwaji, ta faɗi, ta haƙura.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne doyar ba ta daina zuwa ba. Duk kaka sai dattijon ya kawo, yana cewa na yi iya ƙoƙarina, Allah ne bai nufa ba. Ina karɓa ina godiya, matata ta dafa, ni kuwa in ce cikina ba daɗi. Haka muka yi har ya rasu, ban taɓa buɗe baki ba.

Bayan na yi ritaya na gamu da ita a kasuwar Zuba, tana sarin lemo da kankana, ta zama babbar mace da 'ya'yanta. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar da. Nan cikin hayaniyar masu lodi na daure na faɗa mata gaskiya, cewa ba don ita na ba ta shawarar nan ba, don kujerata ne. Ta ƙarasa jera lemon da ke hannunta. Sannan ta ce ai ta sani tun ranar da aka mayar da ita, domin ta tuna ta tambaye ni kuma ban ko tsaya tunani ba. Ta ce ba ta gaya wa Baba ba ne don yana alfahari da cewa malami ya taɓa takowa har gonarsa, ba ta so ta raba shi da wannan. Ta ce ta yafe, amma in daina kiranta likita cikin wasa kamar yadda na yi da na gan ta, don har yanzu sunan yana mata zafi.

Na koyi cewa kyawun sakamako ba ya buɗe ƙofa sai an ci darussan da ƙofar ke nema. Iyaye, kafin yaro ya ajiye wani darasi, ku je ku tambayi abin da karatun da yake so ke bukata, kada ku tsaya ga bakin mutum ɗaya ko da kun yarda da shi. 'Yan'uwana malamai kuwa, idan ɗalibi ya tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba. Da na faɗi haka a ranar, da ƙauye kawai za a tura ni.