Ranar da Inna Ta Ƙi Cin Abincin 'Yan Caina

Har yau akwai masu yi mini dariya a Bukkuyum, wai na kai mahaifiyata gidan abincin 'yan Caina a Abuja ta dawo da yunwa. Su yi ta yi, ba su san komai ba.

Gonarmu ta bayan Tungar Guru ce silar tafiyar. Tun rasuwar Baba maganarta a hannun Inna take. Wani dillalin ma'adinai, Bahaushe ɗan'uwanmu, ya ce akwai zinari a ƙarƙashinta, kamfaninsu na so. Ba zan ɓoye ba, ni ma ina son a sayar, don na gaji da noma ina waige saboda 'yan bindiga. Ya aiko mana mota har Bukkuyum, kuma Inna ta shiga ba gardama, na ɗauka ta yarda.

Wurin sanyi kamar cikin randa. Teburin zagayayye ne, a tsakiyarsa gilashi mai juyawa, an jera soyayyar agwagwa, jatan lande, taliya da wata miya mai zaƙi. Kowane faranti da tsinke biyu na cin abinci a gefensa, maimakon cokali. Na Inna har da takardar cinikin gona.

Dillali ya rantse komai halal ne, ni kuwa na hau ci. Inna ta naɗe hannu cikin hijabi. Duk kwanon da ya juyo gabanta, sai ta sa yatsa ɗaya ta tura shi gaba. Kunya ta kama ni. Na zaci tsinken ne ya gagare ta, na sa aka kawo cokali.

Ta harare ni. "Na hwaɗa maka hannuna ya mutu?"

Dillali ya ce, "Hajiya, ko ruwa ki sha mana."

"Ɗana," in ji Inna tana duban dillali, "mu wurinmu, in ka ci tuwon mutum, ba ka iya duban idonai ka hana shi abin da ya biɗa. Ni ko a'a ta kawo ni, kuma da bakina nika son hwaɗinta, ba saƙo ba. Gona ba ta saisuwa."

Sannan ta juyo kaina. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari.

"Kai da bakinka ya yi maiƙo, shekarar da anka riƙa daka dutsin zinari cikin gidaje, gubar dalma ta kashe min jikoki biyu. Ɗiyan wa ne?"

'Ya'yana ne. Ni na ɗauke su zuwa maƙabarta. Na ji haushin kaina fiye da na kowa a ɗakin.

Na ajiye tsinken, na ɗauki takardar na ɗora a kan gilashin tsakanin agwagwa da taliya, na juya shi a hankali har ta tsaya a gaban dillali.